Neman Ungulu daga Kudan zuwa Ikara

Kudan

Ana sallame Asuba na rataya kyamara na nufi tasha. Ni mai ɗaukar hoton biki ne, amare da angwaye ne abincina. Baba ne ya fito da ni. Tsohon mahauci ne, ciwon ƙafa ya zaunar da shi a ɗaki, kullum maganarsa ɗaya: ungulu ta ƙare a duniya, shi da ganinta sai a lahira. Abin yana ci masa rai ƙwarai, ni ma ya fara ci mini. Na ce zan kawo masa ita a hoto, ya ce in daina cika baki.

Da direban motar Makarfi ya ji abin da zan je yi, dariya har da dukan sitiyari. "Malam, amaren ne suka ƙare?"

Makarfi

Na sha koko da ƙosai a bakin tasha, na wuce kwata. Shirwa kam ga ta nan birjik, tana shawagi tana wawurar hanji. Na ɗauke ta har na gaji. Amma ina ambaton ungulu, mahauta suka haɗe rai. Wani dattijo cikinsu ya harare ni.

"Babu. Irinku ne suka ƙarar da ita, suna kai wa bokaye kanta."

Na rantse, ko kallona bai yi ba. Haushi ya sa na naɗe hannun riga, na karɓi wuƙa na taya shi feɗe akuya. Ya tsaya yana kallon yadda nake raba fata da nama.

"Kai, ashe ɗan gida ne! Wa ya haife ka?"

Na gaya masa. Ya jawo ni gefe ya raɗa mini sunan wani ƙauye bayan Ikara, ya ce in riƙe bakina. Shi ya sa ba za ku ji sunan a nan ba.

Ikara

Daga Ikara sai acaɓa. A hanya 'yan banga suka tare mu, suka buɗe jakata, suka ƙi sakinmu sai da na ɗauke su hoto da gorarsu.

A bayan mayankar ƙauyen akwai wani tsohon rimi. Ga su nan a ƙarƙashinsa, ungulu biyu, da sanƙonsu! Wallahi kamar in yi ihu don murna. Na kwanta rub da ciki, na yi ta jan jiki cikin kashin shanu har na matso. Komai ya yi daidai, sai dai babbar ta juya mini ƙeya. Kafin in ankara, halin biki ya motsa. Na kyasta yatsu na ce, "A kalli nan!"

Fir, suka tashi. Ɗan acaɓana ya faɗi ƙasa don dariya. Allah ya so yatsana na kan maɓalli: ta fito da fukafukai a buɗe, sun cika hoton.

Gida

Na iso bayan La'asar, ina warin kwata. Baba ya karɓi kyamarar ya kai ta dab da idonsa.

"Ita ce," ya ce. "Amma ta rame. Mahautan can ba su san hakkinta ba. Ka nemo mota, ranar kasuwa da ni za a je, in kai mata kayan ciki."

Mutumin da ya shekara bai leƙa ƙofar gida ba! Na gode wa Allah, na gode wa dattijon Makarfi. Mota kuwa har na yi magana da direba.