Ja a Cikin Tattara

Ran Asabar da ta wuce na bi ta layin teloli a kasuwar Kafanchan, sai wani ƙamshi ya tsayar da ni cak: dutsen guga na gawayi a kan yadi mai sitaci. Idan a zamanin gugar lantarki ka tashi, ba lalle ka san shi ba. Yana da ɗan ƙauri, kamar tuwo ya fara kamawa a gindin tukunya. Ni dai ya mayar da ni shekarar da nake aji biyar, a ƙauyenmu da ke bayan Kagoma, shekarar da kakata ta ja daga da hedimasta a kan siket.

An tone citta a lokacin, an tsaga an shanya a kan duwatsu, duk inda ka juya yajinta na shiga hanci. Sai aka ce za a yi gasar rawar gargajiya ta makarantu a Kafanchan, kuma ni zan ja gaban 'yan matanmu. Hedimasta baƙo ne da aka turo mana daga birni, mutum mai son tsari. Ya sayo bandir na yadin kanti mai gidan dara, kore da ruwan ɗorawa, ya ce kowace yarinya a ɗinka mata siket mai ƙananan tattara, wai ya fi kyau a hoto. Na kawo nawa gida ina tsalle.

Kakata, mahaifiyar babana, tana tsakar gida tana sheƙar acca. Ta murza yadin da yatsu biyu, ta ɗaga shi ga rana, ta ajiye a kan turmi. Da yarenmu ta tambaye ni rawar su wa za mu yi. Na ce tamu. Ta ce to wannan kayan su wa ne?

Ta shiga ɗaki ta zaro wani zane daga ƙasan akwatinta na ƙarfe. Saƙin hannu ne mai kauri, baƙi, da ratsin ja biyu da siririn fari a tsakaninsu. Ta ce a ƙuruciyarta ganye suke ɗaurawa, idan sun kai kaya kasuwa ana nuna su da baki ana dariya. Da zane ya zo, matan gidanmu ba su ɗauki abin da aka miƙo musu ba. Sun je wurin masaƙi suka wuni suna gardama. Ja ya shiga ne don a hango su daga can ƙarshen fili. Farin kuma wata gwaggo ce ta kafe, ta ce ba za ta tashi daga ƙofar masaƙin ba sai an sa mata shi. Kakata ta ce sunan baftisma zaɓa mata aka yi, ta karɓa hannu biyu, harshen da take waƙa da shi a coci ma haka. Amma wannan ratsin su suka zaɓa, ba kuwa za a sake zaɓa wa jikarta ba.

Ranar kasuwa muka shiga bas zuwa Kafanchan, wurin wani tsohon tela Bahaushe da suka saba tun kafin a haifi babana. Hausar kakata ba ta raba mace da namiji.

"Malam, yarinya nan zai yi rawa. Ka yi masa siket, kada ka ɓata mini ja."

Ya shafa zanen, ya ɗago ya dube ta. "Mama, kin san idan almakashi ya shiga babu gyara?"

"Na sani. Yanka."

Kafin ya yanka ya nuna mana tattara iri biyu da yatsunsa. Ta farko, jan yana kwance a saman kowane ninki, ko kana tsaye ana ganinsa. Ta biyu mai zurfi ce, baƙin a waje, jan a ɓoye a ciki, kuma tana cinye yadi. Na zaci kakata za ta yanke magana, sai ta juyo ta ce ni zan sa, in zaɓa. Na kama ninki na biyu na girgiza. Jan ya leƙo ya koma, ya sake leƙowa. Na ce wannan. Tela ya yi murmushi ya hura gawayinsa, ya danne kowace tattara har ta tsaya kamar bakin wuƙa.

Da hedimasta ya ga siket ɗin a wurin gwaji, ya ce wadda ba ta sa irin na kowa ba, ba za ta shiga fili ba. Washegari kakata ta biyo ta makaranta da fartanya a kafaɗa.

"Mama, doka ce," in ji shi.

"Doka na wa? Rawa namu ne, ganga namu ne, yarinya namu ne. Kai yadi kawai ka kawo."

Bai sauko ba, ita ma haka. Ya ba wa wata ƙawata jan gaba, ya soke sunana.

Ba zan ɓoye maka ba, na ji haushin tsohuwar nan. Ranar gasa ina tsaye bayan igiya cikin siket ɗina mai nauyi, zafi na dukana, ina kallon ƙawayena sun jeru kore shar. Aka buga gangar garinmu. Ƙafafuna suka fara dukan ƙasa ban ba su izini ba. Kakata ta sa hannu ta ɗage igiyar, ta ce, "Shiga."

Na shiga, na kama wutsiyar layi. Duk lokacin da na buga ƙafa na karya ƙugu, tattarar ta buɗe jan ya fito. Matan ƙauyenmu da suka zo kallo suka gane ratsin, suka kece da guɗa, wata tsohuwa ta tsallako tana share mini gumi da ɗankwalinta.

Alƙalai suka rage mana maki don kayanmu bai zama ɗaya ba, muka dawo hannu wofi. Ran Litinin na sha bulala shida a gaban asambili, 'yan ajinmu suka daina yi mini magana har hutun Kirsimeti. Kakata ba ta ba kowa haƙuri ba, har ni. Ta shafa mini man kaɗe, ta tambaya ko na ji zafi. Na ce na ji. Ta ce gobe in an ce in shiga, zan shiga? Na ce zan shiga. Ta yi dariya har da tari.

Yanzu kowace ƙabila a kudancin Kaduna tana da yadinta, abin ya yi kyau, ba na ƙi. Sai dai yawanci inji ke buga shi, kwamiti ke zaɓar launi. Bara ƙungiyar matan garinmu ta turo hoton sabon yadin biki a guruf ɗinmu na waya, ratsin nan namu ne amma an cire farin, an ƙara shuɗi don matar babban baƙo tana son shuɗi. Na rubuta musu cewa ba a tambayi matan gidanmu ba, don haka ni ba zan sa ba. Kafin azahar suka cire ni daga guruf ɗin. Na nemo masaƙi a Nok ya saƙa mini namu, da ni da 'ya'yana mata biyu. Ranar biki mun riga kowa zuwa, muka zauna a layin gaba.