Harshen Malam Tanimu Marini

Wata rana wani dattijon marini, Malam Tanimu, ya zauna gaban likita ya kafe kai da fata: shi ba za a yanka masa harshe ba.

Ciwon daji ne ya kama gefen harshen. Asibiti biyu sun ce sai tiyata, a cire kusan rabi.

'Ya'yansa sun yi lallashi har sun gaji. Suka ce rigimar tsufa ce.

Ba wanda ya tambaye shi dalili.

Shekara arba'in da ɗaya yana rini. Shi ba da ido yake duba ruwan shuni ba. Yatsa yake tsomawa ya ɗora a harshe, ya lumshe ido, ya gaya maka ko ramin rinin ya nuna ko sai jibi. Marinar gaba ɗaya da harshensa take aiki.

Tsoro yake ji ƙwarai, na ranar da zai tsaya bakin rami bai san komai ba.

A asibiti na uku, inda ake gwajin wata sabuwar hanya, wata likita ta kalli hannuwansa, shuɗi har cikin farce. Ta ajiye biro.

"Baba, ni ma rini zan yi maka. Wasu ƙwayoyi ne ƙanana, ido ba ya ganinsu. Za mu sa maka su ta allura, su bi jini su kama naman da ya lalace. Sai mu haska musu wani haske, su ƙone ciwon a inda yake."

Ya daɗe yana kallonta.

"'Yata, rinin naku yana zuba?"

"Idan ka shiga rana da wuri, zai zuba maka a fata. Sai ka yi makonni a inuwa."

"To, ke kin san aiki. Bismillah."

Ranar aikin aka nuna masa harshensa a allon na'ura. Duhu ne, sai wasu ɗigo-ɗigo suna walƙiya a gefe guda, kamar an watsa gero mai wuta.

Ashe abin da ya hana shi barci bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

Barci ya ɗauke shi. Ya ga kansa yana iyo a ruwan shuni mai sanyi, fararen zannuwa suna wucewa ta kansa a hankali, ba mai gaggawa.

Sati biyar yana ɗaki, labule a sake. Abokan sana'a suka riƙa tsokanarsa ta taga: "Amarya, yaushe za a fito da ke daga lalle?"

Yana dariya. Amma kunu a bakinsa kamar ruwa yake, kuma bai gaya wa kowa ba.

Likita ta ce ciwon ya ja baya, ya riƙa zuwa ana dubawa.

Ranar da ya koma marina, kowa ya bar abin da yake yi. Ya durƙusa, ya tsoma yatsa.

Ya ɗora a harshe.

Ya lumshe ido.

Sai ya yamutsa fuska ya tofar.

"Wane ne ya cika wa ramin nan toka? Ku kam ba a barin ku ku kaɗai!"

Sannan ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka.

Darasi: Idan tsohonka ya ƙi magani, kada ka yi saurin kiransa mai taurin kai. Zauna ka tambaye shi abin da yake tsoron rasawa.

Tura wa wanda yake jinyar iyayensa. Ƙila yau ya yi tambayar.