Shaddar Baba a Hannun Mai Gugan Ard al-Liwa

Da na kusa kammala karatu a Alkahira, Inna ta aiko mini da babbar rigar marigayi Baba ta hannun wani ɗan unguwarmu. Shadda ce ruwan toka, ta sha bugu a Kano, tana sheƙi har tana kashe ido. Saƙon Inna ɗaya ne: in sa ta ranar yaye mu, in turo hoto ta gan ta tana walƙiya yadda take yi a jikin mai ita.

Rigar ta ɗan yamutse a jaka, sai na kai wa mai gugan layinmu a Ard al-Liwa, wani dattijo Bamisire. Na ce masa guga kawai, har da hannu na kwatanta masa. Ya ce tamam.

Washegari ya miƙo mini ita yana murmushin wanda ya yi aikin lada. Wai ya ga wani abu ya daskare a yadin, ya yi tauri kamar kwali, shi ne ya jiƙa ta a ruwan zafi ya cuɗe ta da kyau.

"Taɓa ka ji, ɗana," in ji shi. "Ta yi laushi kamar jallabiya. Wankin ma kyauta na yi maka."

Larabcin da na yi shekaru ina tarawa ya gudu ya bar ni, da Hausa na wanke shi tas, shi kuwa yana ta ma'alish, wato a yi haƙuri, bai san laifinsa ba.

Abokin ɗakina, wani Bazazzagi da babu abin da bai iya ba a bakinsa, ya ce ai bugu duka ne kawai. Muka hau saman bene, muka shimfiɗa rigar a kan katako, muka yayyafa mata ruwan ƙaro, muka hau ta da muciya da kwalbar lemo. Matar da ke ƙasanmu ta hauro tana tambaya ko rushe gidan muke yi. Sheƙi ya fito a wuri ɗaya tak, a kafaɗa, faɗin tafin hannu.

Ranar yaye na tsaya a karkace na miƙa wa kyamara kafaɗar nan, Bazazzagi yana ta cewa in ƙara juyawa rana ta doke ta.

Na tura hoton, bayan la'asar Inna ta kira. Ta yi mini barka, ta sa albarka, sannan ta jefo tambaya.

"An wanke ta ko?"

Na shiga ba ta labarin mai guga, ina ƙara gishiri don ta yi dariya. Ta ɗan yi.

"Bar batun sheƙi, mabuga za su dawo da shi," ta ce. "Tun Juma'ar da ya tuɓe ta ban bari ruwa ya taɓa ta ba. Sunsuna mini wuyan, ko akwai sauran turarensa."

Na kai wuyan rigar hancina, tana jira a waya. Sabulun Masar kawai na ji.