Rigar Buhun da Na Ɗinka wa Yayana

Duk wanda ya yi aikin auduga a Jazira, can gabas kan tsohuwar hanyar Makka, ya san tsinka wasa ce. Lokacin sanyi ake yin ta, mata na waƙa, ana hira tsakanin kunyoyi. Aikin gaske yana zuwa ne bayan an kwashe farar. Sai an tumɓuke karan audugar duka har saiwa, an tara, an cinna masa wuta, don kada cutar bana ta kwana a gona ta kama shukar baɗi. Hukumar gonakin takan yanka rana, mai duba gonaki ya zagayo a motarsa, kuma duk hawashar da ya tarar da kara ɗaya a tsaye, mai ita ya shiga uku. Hawasha ita ce gonar da hukuma ke ba mutum ya noma. Mu ba mu da ita. Abin da muke da shi baya ne da hannuwa, da wani ƙarfe mai baki kamar awartaki da ake kira kammasha, wanda ake cafke gindin kara da shi a danna a fizgo.

A tsakiyar bazara aikin yake faɗowa, lokacin da baƙar ƙasar nan ta tsage har ƙafar jaki na shigewa ciki. A shekarar da nake magana, ba a daɗe da tafiyar Turawa ba, azumi ma a nan ya faɗo.

Muna zaune a wani kambo kusa da Wad Haddad, wato 'yan bukkokin ma'aikata a gefen hanyar ruwa, dukanmu Hausawa. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, ƙafa ta tsaya a nan. Larabawa masu hawasha Fallata suke kiranmu, kuma suna da wata magana a kanmu, wai Fallata rana ba ta cin su. Dalili ne kawai suka samu na ba mu aikin da ba za su sa 'ya'yansu ba. Mu kuwa da wautarmu muka ɗauki maganar muka rataya a wuya kamar laya. Mutum zai tsaya a rana har idonsa ya yi duhu don kada a ce ɗan Sakkwato ya nemi inuwa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don ba wanda ya tilasta mana yarda.

Yayana ya girme ni da shekara takwas, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, har ya yi mini aure. Shi ke karɓo mana aiki, mu bakwai. A bazarar nan ya ba wani mai hawasha baki cewa za mu share masa gonaki biyu kafin ranar da aka yanka. Ana sauran mako guda a ga watan azumi, zazzaɓi ya kayar da shi. Ya tashi, amma ba shi ne ya tashi ba: ido ya yi rawaya, wuya ya zama siriri, in ya sunkuya ya ɗago sai ya dafa gwiwa. Matarsa ta roƙe shi ya sha azumin ya rama da sanyi.

"Ni?" ya ce. "In sha ruwa gaban yaran da ni ka ja gaba? Ke dai ki yi muna kunu."

Da na ga ba zai ji ba, sai na nemi wata hanya. A tashar Wad Madani na sha ganin direbobin lori suna rataye salkar tamfol a goshin mota, iska na bugun ta, ruwan ciki ya yi sanyi. A gidajenmu ma buhu ake jiƙawa a naɗe randa da shi. Na ce abin da ya yi wa randa ai zai yi wa mutum. Na samo buhunan dawa guda biyu, na farke su, na haɗa ruɓi biyu, na huda wurin wuya, na ɗinke gefe da basilla, na bar hannuwa a buɗe. Matar yayana ta yanka tsohon zanenta ta shimfiɗa daga ciki don kada buhun ya ci masa fata. Riga ce mummuna, ba na musu. In an tsoma ta a ruwa tana yin nauyi, tana kuma warin tsohon rumbu. Amma in iska ta bi ta kanta, sai ka ji sanyi har cikin haƙarƙari.

Ranar farko ya sa ta a ƙarƙashin taguwarsa don kada a gani. Ba ta yi masa komai ba sai ƙarin nauyi, domin abin sai iska ta taɓa shi yake aiki. Na gaya masa dole ta zauna a waje. Ya daɗe yana juya ta a hannu, sannan ya ce shi zai ɗauki kunyoyin can ƙarshen gona, shi kaɗai. Haka aka yi kwana uku. Nakan kai masa tulu can, ya tsoma rigar da hantsi, ya sake tsomawa da azahar. Kwana ukun nan ya dawo gida da ƙafarsa, har ya iya yi wa 'yarsa wasa kafin a sha ruwa. Na ji daɗi ƙwarai, har ina jin kaina wani gwani.

A cikinmu akwai ɗan gwaggonmu, sa'an yayana, wato taubashinmu. Kowa ya san abin da ke tsakanin taubasai: zai faɗa maka abin da ya ga dama a gaban kowa, kai kuma in ka yi fushi ka ji kunya. Shi kuwa Allah ya ba shi baki. In ya buɗe shi, ko gawa ake wanka sai wani ya ƙunshe dariya.

Rana ta huɗu kunyoyin ƙarshe suka ƙare, dole yayana ya dawo cikinmu. Da azahar muka taru a gindin aduwar da ke bakin gonar, ita kaɗai ce bishiya a wurin. Ya taho yana ɗigar da ruwa, buhu ya yi baƙi a jikinsa. Taubashin ya ɗago kai ya dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Jama'a, ku taho ku ga ikon Allah. Randa ta yi ƙahwa tana tahiya!"

Aka fashe da dariya. Bai tsaya nan ba.

"Mu munka ɗaure baki tun assalatu, wanga yana shan ruwa ta hwata. Kai ɗan'uwa, in azumin ya ishe ka ka hwaɗi, mu aika a damo maka hura. Wallahi mai hawasha ya gan ka haka, cewa za ya yi Fallata sun ƙare."

Mu shida ne a gindin aduwar nan, leɓunanmu sun tsattsage, ana dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi. Ba zan ɓoye ba. Maganar randa mai ƙafa ta ba ni dariya, don kuwa daga randar na ɗauko dabarar. Yayana ya juyo ya dube ni, ni kuma na sunkuya ina gyara bakin kammashata, wadda ba abin da ya same ta.

Ya yi murmushi, kamar yadda aka san mutum zai yi wa taubashinsa. Ya cire rigar ta kai, ya rataye ta a reshen aduwa.

"To, ga randarku nan," ya ce. "Ku tashi mu kai wuta."

Ranar ƙona kara ce. Wanda bai taɓa tsayawa tsakanin rana da wutar karan auduga da bakin azumi ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Iska mai zafi na kwaso harshen wutar tana watsa mana a fuska, muna jan kara da sanduna muna turawa. Can na lura da bayan yayana. Namu duka sharkaf da gumi, nasa a bushe. Na ɗauka ƙarfin hali ne. Sai ya matso kusa da ni ya tambaye ni ko na ɗaure jakin baba. Jakin nan ya mutu tun ina yaro. Kafin in ba shi amsa ya durƙusa, sannan ya kife.

Jikinsa kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Na kawo tulu na kai bakinsa, ya datse haƙora. Idonsa a buɗe amma ba ni yake gani ba, yana ta maimaita, "Rana ba ta hwaɗi ba." Muka ɗora shi a kan jaki, biyu na riƙe da shi, muka nufi ƙaramin asibitin da ke cikin gari. Ta ƙarƙashin aduwar muka bi. Rigar na rataye a inda ya bar ta, kuma cikin ruɗewa ko ɗayanmu bai ɗaga kai ba.

Ma'aikacin asibitin wani Balarabe ne mai furfura. Yana taɓa goshin yayana ya daka wa yaransa tsawa su kawo buhuna da ruwa. A gabana suka jiƙa buhunan dawa, irin nawa sak, suka naɗe yayana da su tun daga wuya har gwiwa, suna yi masa fifita. Mutumin ya juyo yana faɗa da mu da Larabci, wai mu da muke kwana muna tashi cikin buhuna, ba wanda ya yi tunanin jiƙa ɗaya ya rufa masa tun a gona? Taubashin ya dubi ƙasa.

Yayana ya cika ana sauran kaɗan a kira magariba. Da aka kira, ma'aikacin ya miƙo mini dabino da kwanon ruwa daga randarsu. Na sha. Ruwan da sanyi, kuma ya yi mini daɗi, wannan ma ban yafe wa kaina ba.

A zaman makoki labarin rigar ya kai kunnen limaminmu, wani tsoho mai sanyin magana. Ya sa aka maimaita masa, sannan ya girgiza kai. Ya ce jiƙa jiki ba ya taɓa azumi ko kaɗan, kuma mai ciwo irin wannan ma an sauƙaƙe masa ya sha ya rama.

"Mi ya hana ku tambaye ni?" ya ce.

Tsakanin bukkarmu da tasa bai fi taku arba'in ba. Ba wanda ya tambaya, don a gaskiya ba hukuncin azumi ne ya dame mu ba. Abin da za a ce da mu ne.

Mu shida muka ƙarasa gonakin, har da saura kwana biyu. Mai hawashar ya zo ya yi mana ta'aziyya a tsaye, ya dubi gonarsa fes, toka kawai, ya ce shi dama ya sani, Fallata maza ne. Wasu daga cikinmu har suka ji daɗin maganar.

Cikin 'yan shekaru rigar buhu ta zama kayan aiki a kambonmu, kamar kammasha. Da bazara za ka ga maza a jere a gona, kowa na ɗigar da ruwa, ba mai yi wa wani dariya. Har daga wasu kambo ake zuwa a ga yadda nake yanka wuyan. Amma wanda ya fara zuwa wurina, shekara na zagayowa, ana sauran kwana biyu azumi, taubashin nan ne. Ya yi sallama da hantsi, ya ajiye buhuna biyu a gabana, ya tsuguna.

"Ka ɗinka mini irin ta marigayi," ya ce. "Bara na ji jiki."

Shekara guda ina tara maganar da zan gaya masa, kuma ranar na zazzage ta duka. Na ce bakinsa ne ya kashe ɗan'uwana. Na ce ya mayar da mace gwauruwa da yarinya marainiya don mutum biyar su yi dariya. Na ce ko kunya bai ji ba ya kwaso ƙafa ya zo ƙofata da buhu. Muryata ta tashi har mata suka leƙo ta kan dannin kara. Bai katse ni ba. Wannan ne karo na farko da na ga bakinsa a rufe.

Da na gama ya ɗago. Idonsa ya yi ja.

"Duk abin da ka hwaɗi na ɗauka," ya ce. "Ba daren da ban jin muryata tana hwaɗin maganar ga. Amma ni taubashinai ne, tun muna yara haka muke, maganata ba ta taɓa sa ya aje komi ba. Da na yi ta, ba ni ya duba ba. Kai ya duba."

Ni na ɗinka rigar, ni na san zazzaɓin da ya yi, ni na ga yadda yake dafa gwiwa. Da na ce, "Yaya, bar ta a jikinka," da ya bar ta, ya ce ƙaninsa ne ya matsa masa, kowa ya yi dariya a wuce wurin. Abin da yake jira ke nan da ya juyo, ni kuma ina gyaran kammasha.

Na jawo buhunan na auna kafaɗunsa da taƙi. Faɗinsu ɗaya da na yayana. Matar marigayin ta ce hannunta ba zai taɓa zane don wannan mutumin ba, ni ma ban nemi na wata ba, na ɗinka masa ita haka nan, buhu tsagwaro. Ya sa ta azumin nan duka, ta goge masa kafaɗu har suka yi jini. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba har ya tsufa ya mutu, ni kuma ban taɓa iya ce masa ƙarya ya yi ba.