Damin Jatau

Dako nake yi a kasuwar hatsi ta Gusau. Da can manomi ne ni a Tungar Jatau, ƙasar Tsafe, gindin wani dutse da ba mu taɓa sa masa suna ba. Ƙanena Sule yana can har yau da matarsa da 'ya'yansa, ƙaramar tana goye. Bana tun da aka yanke gero barci ya ƙi ni, don ban sani ba ko Sule zai kai dami kogon dutse ko ba zai kai ba.

Labarin damin nan wajen kakarmu na ji shi, Kaka Delu, uwar babanmu.

Idan an yi sallar isha sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta tura gyaɗa cikin toka. Mu jikoki mu kewaye ta. Hayaƙi ya shiga ido, ba mai tashi. Yawancin darare labarin kura ne da zomo, mu yi ta dariya har a kwashi masu barci. Amma ranar da geron fari ya shigo gida, fuskarta daban take.

"Yau kura ta huta," in ji ta. "Wagga ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya amsa mini. Kai mijina, rufe baki. Miji sai cin gyaɗa, ko gishiri bai taɓa sawo mini ba."

Ni ne mijin. Sai in rufe baki.

Ta ce kakan kakanninmu Jatau mayaƙi ne, tun kafin zuwan Nasara, lokacin da nan bakin daji ne, ba gari ba hanya. Ta ce dokinsa fari, mashinsa ya fi ƙofar zaure tsawo. Wata shekara aka tura rundunarsu tsaron iyaka, abokan gaba suka faɗo musu ba shiri, suka gudu suka hau dutsen nan namu suka shige kogo. Kibiya ba ta kai can. Ruwa akwai, yana tsattsafowa daga jikin dutse. Abinci ne babu.

Nan muryarta take yin ƙasa, sai mun matso.

"Kibiya kaɗan ta kashe. Yunwa ta kwashe sauran. Fatar garkuwa suka jiƙa suka tauna. Ƙato ya kwanta yana kiran uwarsa. Kun ji ko?"

Jatau ya sauko da rai. Aka ba shi ƙasar gindin dutse ya zauna ya tsare hanya. Shi ya sare dajin, ya kafa bukkar farko. Ya kuma kafa doka a gidansa: damin gero na fari ba ya shiga rumbu. A ɗauke shi a ka, a hau da shi kogo, a rataye. Na bara a sauko da shi a ba kaji. Wanda ya rataye kuma ya ce, "Allah Ya sa gara ta ci."

Na taɓa tambayarta, "Kaka, don me za a roƙa wa gara abinci?"

Ta dungure mini kai. "In gara ba ta ci ba, wa zai ci? Kai za ka ci, kana ɓoye kamar ɓera. Roƙi Allah gara ta riga ka."

Wannan labarin ba ta rufe shi kamar sauran. Sai dai ta tone gyaɗa ta raba, ta zauna tana duban wajen dutse. Ni kuwa in kwanta ina jin ƙaton nan mai kiran uwarsa.

Kaka ta rasu ina saurayi. Zamani ya yi lafiya, mutum ya kwana a gona ba abin da zai same shi. Sai aka fara magana. Wasu suka ce gidan Jatau suna kai wa dutse hatsi, tsafi ne, ba aikin Musulmi ba. Babanmu mutum ne mai kunya. Ya ƙi a nuna shi da baki a masallaci. Shekara ɗaya ya tsallake, ta biyu ma, shi ke nan aka bari.

Ranar da mutanen daji suka shigo mana, da hantsi ne, bisa babura. Sule yana Kudu cin rani, bai gani ba. Ba wanda ya ce a hau dutse, ƙafafunmu ne suka san hanya. Muka shiga kogo, mata da yara da tsofaffi. Ruwan yana nan. Dutsen niƙa yana nan, wanda za a niƙa jiƙaƙƙen gero a kansa a yi gumba ba sai an hura wuta ba. Igiyar rataye dami tana nan tana lilo. Ba komai a jikinta.

Su kuwa mutanen dajin suka zauna cikin gari kwana da kwanaki suna yanka awakinmu. Muna hango hayaƙin. Nonon matata Rabi ya ƙafe. Ɗiyarmu Asabe ta yi kuka, ta yi kuka, daga baya ta daina. Can bakin kogo muka rufe ta da duwatsu.

Da muka sauko na kwashi Rabi muka taho Gusau, muka kama ɗaki a Sabon Gari. Sule ya dawo ya ce shi ba ya barin gonar ubansa. Ban hana shi ba. Abu ɗaya na roƙe shi, ya riƙa kai dami. Bara ya ce to, bai kai ba. Bana na kira shi a waya.

"Yaya, ka bar zancen nan," in ji shi. "Ɗan abin da na samu, mutanen daji sun ɗebi nasu, sauran in kai wa gara? Kuma yanzu an yi sulhu."

"An yi sulhu bara waccan ma."

"Jatau ɗin nan wa ya gan shi? Farin doki, mashi kamar zaure. Kaka ce ta shirya abinta don mu yi shiru mu yi barci."

Ni ma ban san kowa da ya san Jatau ba sai Kaka. Na ce a raina, in akwai shi, wani ya san shi. Na ajiye aiki na shiga motar Tsafe. Hanyar nan ba mai magana a mota, kowa idonsa na bakin daji.

A Tsafe aka nuna mini wani tsoho mai zama ƙofar masallaci, wanda ya san asalin gidaje. Ya ce ya ji sunan, amma Jatau ba ɗan ƙasar nan ba ne, daga Rawayya aka kawo shi. Na koma Gusau, na wuce Bungudu, na hau kabu-kabu, babur ɗin haya, zuwa Rawayya. Can aka kai ni wajen wani tsohon makaɗi da idonsa ya mutu, wanda kakanninsa ne ke yi wa mayaƙa kiɗa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni, har da farin doki.

Ya yi dariya har da tari.

"Doki? Jatau? Ɗana, mi kake sana'a?"

"Dako, Baba."

"To gado ka yi. Jatau rumbu mai tafiya, haka muke masa kirari. Shi ke ɗaukar guzurin runduna a ka. Ko jaki bai da shi."

Ya daina dariya, ya laluba ya kama hannuna.

Ya ce ranar da aka faɗo musu, kowa ya yi ta kansa. Jatau yana ɗauke da gero da ƙuli-ƙuli na mutane duka. Kaya ya yi masa nauyi, ya yar a gindin dutse ya hau. Daga bakin kogo suna kallo abokan gaba suka kwance kayan suka ci. Duk wanda yunwa ta kashe a can, Jatau yana gani, ya kuma san wa ya yar da abincin.

"Ba ba shi wurin nan aka yi ba," in ji tsohon. "Shi ya roƙa. Ba mai so. Aka ba shi baka da kwari aka ce ya tsare hanya, ya tsare har ya tsufa. An sake kawo hari a zamaninsa ba sau ɗaya ba. Ba a sake mutuwar yunwa bisa dutsen nan ba."

"An sake, Baba," na ce.

Bai tambaye ni ba. Ya riƙe hannuna dai.

A tashar Bungudu na kira Sule. Na faɗa masa yadda aka faɗa mini, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce ba doki, ba mashi. Ɗan dako ne kamar ni, ya ji tsoro ya yar da kaya ya gudu, mutane suka mutu. Na ce dami ba na dutse ba ne, na ɗiyarka ne mai shan nono. Ban taɓa yi masa zancen Asabe ba tun da ya dawo. Ran nan na yi. Na ce nonon uwa ba ya jiran sulhu.

Waya ta yanke.

Na koma bakin aiki. Kowane buhu na ɗora a ka sai in tuna mutumin nan a gindin dutse, wuyansa na ciwo, ana ihu bayansa. Ban ga laifinsa ba. Da ni ne, da na yar. Na kuma gane abin da ya sa Kaka ta sa masa doki. Kakanta ne, ta rufa masa asiri. Amma dokin nan ne ya sa muka ɗauki abin wasan yara. Da ta ce mana matsoraci ne irinmu, wataƙila da babanmu bai bari ba. Ban sani ba. Allah Ya jiƙanta, ta dai ba mu abin da ta iya.

Ranar Juma'a da la'asar waya ta yi ƙara. Sule ne, yana haki, iska na kaɗawa.

"Yaya, ina sama. Igiyar ta ruɓe, na zo da sabuwa." Na ji takunsa bisa dutse. "Na ga duwatsun bakin kogo. Wasu sun zame, na gyara."

Na zauna bisa buhu.

"Na rataye," in ji shi. "Me ake cewa ma? Na manta."

Na faɗa masa. Ya maimaita.

Har yanzu ba na barci sosai. Duk motar da ta shigo kasuwa daga wajen Tsafe, sai na dubi fuskar direba kafin in dubi kaya. Dami ɗaya ne, ba zai tare harsashi ba. Amma yana can yana rataye. Mutane suna roƙon Allah Ya tsare musu hatsi daga gara. Ni kullum in na idar da salla, gara nake roƙa wa abinci.