Shanu Arba'in a Wayar Baba

Wata Asabar cikin damina, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, mu uku ne a zauren gidanmu da ke Yelwa: ni, ina aji biyar na firamare, da yayata Hauwa'u, wadda ke shekarar ƙarshe a jami'a tana karatun kwamfuta, sai Baffa Buba, ƙanin mahaifinmu, da ya kawo mana nono daga rugarsa ta Inkil. Saura mako uku Yaya ta gabatar da aikin kammala karatunta, wato wasan waya da ake kai shanu arba'in mashaya ba tare da sun faɗa gonar kowa ba. Idan wasan ya ƙi tafiya a gaban malamai, sai ta maimaita shekara.

Da babbar manhaja ta fara gina shi, irin wadda ke sa ciyawa ta riƙa kaɗawa, kowace saniya da inuwarta. Nakan bar wanke-wanke rabi in zo in leƙa, domin ban taɓa zaton mutum zai rubuta haruffa su koma dabba mai tafiya ba. Sai dai tsohuwar kwamfutarta takan ɗau zafi har mu riƙa yi mata fifita da faifai, kuma da zarar an sa wasan a wayar Baba, sai ya tsaya cak. Yaya ta ce kowace saniya tana lissafin hanyarta da kanta ne, wayar kuwa ba za ta iya tunani arba'in a lokaci guda ba. Ta fara shawarar rage garken zuwa biyar, abin da ya sa Baffa dariya, ya ce wannan ai turken kiwon Sallah ne.

Ya daɗe yana kallon ɗan makiyayin cikin wasan yana bin shanu ta baya da sanda, sannan ya tambaya wa ya koya masa kiwo.

"Hauwa'u, ai ba a kora su. Gaba ake shiga. Saniya ɗaya ce ke tunani, sauran bin ta suke yi."

Nan take Yaya ta jawo kwamfutar. A makon nan ta cire lissafin talatin da tara, ta bar wa guda ɗaya. Ta kuma koma ƙaramar manhaja, ta haƙura da inuwa da ciyawar da ta ɓata wata biyu a kansu. Shanun suka zama zanen da na yi a bayan littafin Hausa, ita kuma ta ɗauki hotonsu. Ranar da garken ya miƙe gaba ɗaya a wayar Baba, yana bin farar saniyata mai karkataccen ƙaho har bakin rafi, sai na roƙi Yaya ta sake kunna shi daga farko.

Yanzu 'ya'yana suna buga wasannin da ake ganin gashin jikin doki ɗaya-ɗaya, ba sa ma ɗaga gira. Ina ɗan tausaya musu. Malamai sun rage wa Yaya maki saboda rashin kyan hoto, amma tare da 'yan ajinsu ta kammala.