Baba Wahabu na Tasha, uban waɗanda suka sauka ba su da kowa

Da an sallame asuba a Moshi Zango ta Kumasi, Baba Wahabu zai saɓa tawul a kafaɗa ya kama hanyar tashar motar Race Course a ƙafa. Trotro, motar haya ta cikin gari, ba ta cikin lissafinsa. Kafin motocin arewa su fara sauke mutane yana tsaye gefen mai koko yana duban fuskoki. Wanda ya sauko ya rungume jaka a ƙirji yana waige-waige, shi yake nema. Zai matsa ya yi sallama, ya gwada Hausa, in ba ta shiga ba ya gwada Dagbanci ko Mosanci har a dace. Ya saya masa koko da ƙosai, sannan ya tasa shi gaba zuwa gidan sarkin ƙabilarsu. Tun kafin a haifi yawancinmu yake wannan aiki. Babu wanda ya sa shi, kuma da ɗan lodin da yake yi wa direbobi yake ci.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ƙarshen watan nan za a tafi da shi. Magada sun sayar da gidan da yake haya, idonsa ya fara hazo, ɗan ƙaninsa kuma ya zo daga ƙauyensu na wajen Bawku zai mai da shi gida. Shi ko ba ya son tafiya, kuma wallahi raina a ɓace yake.

Kun san halinmu a Zango. Kafin a tambayi sunanka sai an tambayi ɗan gidan wa ne kai. In kakanka ya zo da fataken goro, kujerar gaba taka ce ko da ba ka taɓa tsinana wa kowa komai ba. In jiya ka sauka daga mota, ɗaki ma ba mai ba ka, balle 'ya, sai wani ya tsaya maka. To, Baba Wahabu shi ne mai tsayawar nan.

Ku tambayi Mutaru mai walda a Asawase. Ya nemi aure a wani tsohon gida, yarinya na so, iyaye suka ce ba su san asalinsa ba. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a ya je ya durƙusa, ya ce shi ne ubansa. Wani dattijo ya yi dariya, ya ce uban ma wa ya san nasa uban? Washegari Baba ya hau motar arewa, ya yi ta cigiya ƙauye-ƙauye har ya gano kawun Mutaru, ya zo da shi Kumasi da ƙwaryar goronsa. Aka ɗaura aure. Da mai shela ya tashi kiran manyan baƙi, ya kira sarakuna, ya kira limamai, ya kira alhazai da bogan da suka dawo daga Turai. Baba yana can bayan rumfa yana raba ruwa.

Ko ku tambayi Hajiya Hikima mai atamfa. Ta ce ranar da ta sauka tana yarinya, kuka take yi a bakin kwata don wadda ta yi alkawarin tararta ba ta zo ba. Shi ya kai ta wurin magajiyar mutanensu, ya riƙa leƙa ta har ta kama dakon kaya, har ta yi jari. Yau in ta shigo biki tashi ake yi. Shi kuwa har gobe Wahabu na Tasha ne, yara ma haka suke kiransa, ko Malam ba sa sawa.

Kai ne ka ba mutane wurin tsayawa a garin da kai ba a ba ka ba, Baba. Kai ne uban marasa uba. Ba ka taɓa tambayar baƙo abin da ya koro shi daga gida ba, sai dai ko ya ci abinci.

Kada in zalunci mutane, an ɗan motsa. Mutaru ya ce ya dawo falonsu, Baba ya ƙi, wai ba zai kwana inda surukarsa za ta riƙa tsallake shi da safe ba. Taurin kai kam akwai shi. Hajiya tana neman ɗaki, amma kowane mai gida sai ya ce ya fi son matashi mai aiki.

Na same shi a tasha ran Laraba, na ce ai gida gida ne, ya je ya huta. Ya daɗe yana murza tawul ɗin nan. Ya ce waɗanda suka san shi a ƙauye duk suna ƙasa, yarensu ma ya fara kuɓuce masa. Ya ce kewar Zango ta kama shi tun bai tafi ba: hayaniyar tasha, warin kwata, har rashin kunyar yaranmu.

"Ɗana," ya ce, "ni ba kujerar gaba nake so ba. So nake in mutu a inda in an ce Wahabu ya rasu, mutane za su san wanda ake nufi."

Sai na kau da kai.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka, ya tsaya maka ranar da ba mai tsaya wa wani. Ku kuma matasa, motocin arewa ba su daina zuwa ba, kuma ba kowa waya ke yi wa jagora ba. Wani ya fito ya gaji tsayuwar nan. Masu gidaje na Moshi Zango da Asawase, da yawanku shi ya riƙo hannun iyayenku ya shigo da su. Ɗaki guda ake nema, mai ƙofa, kusa da masallaci. Ɗan ƙaninsa ya riga ya ɗaure kaya. Baba kullum sai ya kwance, ya ce akwai abin da ya manta.